Musayar Waƙa: Tutar Haiti, Shuɗi da Ja

Malam Na-Zaure:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Amsa-amon yau "ta" ne. Bismillah.

Ku zo mu yi zancen wata tuta,
Ta Haiti, ƙasar da ta sha bauta.
A gonakin raken Faransa an sha cuta,
Bulala dare da rana, ba a huta,
Sai a 1791 bayi suka cinna wuta.
Wa zai ɗora, kar a manta?

Hajiya Mai Alƙalami:
Na karɓa Malam, ga abin da na karanta:
A 1803, garin Arkaye, an nuna bajinta.
Desalin, jagoran tawayen, ya ɗau tutar Faransa ya keta ta,
Ya fizge farin tsakiya, alamar masu mugunta.
Ruwaya ta ce Katarin Fulon ce ta ɗinka ta,
Ku lura, allurar nan tana hannun mata!
Ja na 'yan ruwa-biyu, shuɗi na baƙar fata,
Sun ajiye gaba, sun ƙulla zumunta.
Har gobe 18 ga Mayu ce ranar tuta.

Ɗan Damagaram:
Sannu Hajiya, amma zumuntar ta gajarta.
Na yarda a yaƙin Batiye sun tilasta Faransa fita,
Janairun 1804 ƙasa ta kuɓuta.
Amma a 1805 Desalin ya sake tuta,
Baƙi da ja, ya ce duk baƙi ne, kar a bambanta.
A 1806 aka kashe shi kan rikicin sarauta,
Janar Kiristof arewa, Janar Petiyon kudu, aka raba ta.
Petiyon ya maido shuɗi da ja, a kwance ya shimfiɗa ta.

Hajiya Mai Alƙalami:
Ƙanena, rabuwar ta yi ciwo, ban musanta,
Amma a 1820 Boye, magajin Petiyon, ya sake haɗa ta,
Shuɗi da ja suka koma kan kowace kusurwarta.

Malam Na-Zaure:
Ni abin da ke ƙona mini rai, bari in ambata:
A 1825 Faransa ta dawo da ƙeta,
Jiragen yaƙi a gaɓa, bindigogi na kallon ta.
Faran miliyan 150 kafin a amince da 'yancinta,
Wai bawa ya biya diyya ga wanda ya sa shi bauta!
Haiti ta ci bashin bankunan Faransa don biyan buƙata,
Kuɗin asibiti ya tafi, haka na makaranta,
Jikoki suka gaji bashin, suka gaji talauta.