Na canza diski ɗaya a RAID 5 fili bai ƙaru ba, yanzu wani kuma yana kunna wutar gargaɗi

ɗan_Gyallesu:
Salamu alaikum jama'a, don Allah ku taimaka kaina ya kulle. Ina kula da saba (babbar kwamfutar da ke ajiye bayanan wurin) a wani ɗakin gwaje-gwaje mai zaman kansa a Sabon Gari, asali ni ba aikina ba ne, wanda ya haɗa sabar ya koma Abuja shekara uku kenan ya bar min fasuwod a takarda shikenan, ni gyaran firinta da jan waya aka ɗauke ni, albashin ma ba a ƙara ko sisi ba amma komai ya lalace ni ake kira ko ƙarfe biyun dare ne. Sabar Dell R720 ce, diski huɗu masu 2TB a RAID 5 (tsarin haɗa diski da yawa su yi aiki kamar ɗaya), fili 6TB kuma ya cika kashi 94. Wata biyar ina roƙon oga, da ƙyar ya saki kuɗin diski biyu masu 4TB. Ran Asabar na zare ɗaya na sa sabo, awa 17 yana sake ginawa ina kwance a kan benci sauro na cina, ya gama lafiya amma filin yana nan a 6TB. Yau da safe kuma diski na uku ya fara ƙifta kore da ruwan lemo. In sa na biyun ne ko yaya? Oga ya ce ba za a kashe saba ba ko na awa ɗaya.

Injiniya_Samaru:
Wa alaikumus salam. Ƙanena cire hannunka daga sabar nan tukuna. Fili ba zai taɓa ƙaruwa ba, RAID 5 da mafi ƙanƙantar diski yake lissafi, ka cire ɗaya daga adadin diskin ka ninka da ƙaramin, 3 sau 2 shi ne 6 ɗinka. Sabon da ka sa rabinsa kawai ke aiki. Sai duka huɗun sun zama 4TB za ka ga 12TB, kuma ko a nan ba da kansa zai fito ba. Wutar da kake gani kuma gargaɗi ne, diskin ya fara hango mutuwarsa. Ina bakof ɗinka, wato kwafin bayanan da ka ajiye a wani wuri daban?

ɗan_Gyallesu:
Yaya ai RAID ɗin kansa bakof ne ko? haka wancan ya gaya min. akwai dai wani diski na waje da nake kwafa lokaci lokaci

Injiniya_Samaru:
Inna lillahi. RAID yana riƙe ka ne in diski ɗaya ya mutu aiki bai tsaya ba, iyakarsa kenan. Wani ya goge fayil, ya gogu a duka huɗun lokaci ɗaya. Diski biyu suka faɗi a RAID 5, ka yi sallama da komai. Kuma lokacin sake ginawa ne ake asarar, don sai an karanta sauran ukun daga farko har ƙarshe, 6TB cur, a kan tsofaffin diski da aka saya rana ɗaya suka sha zafi ɗaya. Diski na gama-gari masu ƙera shi da kansu suna rubuta kuskuren karatu ɗaya a cikin bit 10^14, wajen 12TB kenan, to ka yi lissafi da kanka. Ni da hannuna na ga haka a wata makaranta, ana kashi 80 na sake ginawa diski na biyu ya faɗi, sakamakon ɗalibai na shekara huɗu ya tafi. "Lokaci lokaci" ɗin nan yaushe ne na ƙarshe?

Maman_Hanan_IT:
Ni abin da ya tsaya min a rai maganar oga ce. Duk haka suke wallahi. Namu ya sayi sabuwar mota amma batirin UPS da ya kumbura kamar burodi ya ce a lallaɓa, ranar da janareta ya yi tsalle ya ƙona mana fawa saflai biyu ni aka ba takardar gargaɗi. Ka rubuta masa a rubuce ya sa hannu, in abin ya ɓaci kana da shaida.

Sadauki_Kwangila:
Injiniya ranka ya daɗe amma ban yarda ya zauna ya naɗe hannu ba. Diski na ƙorafi kuma ga sabo a hannu, ya zare mai ciwon ya sa sabon yau ɗin nan kawai. Jira ai shi ne haɗarin.

Injiniya_Samaru:
Sadauki kar ka kai yaro ka baro. Yana zarewa ba shi da sauran kariya har a gama. R720 mai manyan diski rami takwas gare ta, huɗu kawai ya cike. Ya sa sabon a ramin da babu komai, ya yi amfani da zaɓin replace member na kontirola, wato katin da ke sarrafa RAID ɗin, za ta kwafe daga mai ciwon zuwa sabon alhali RAID ɗin na nan cikakke. In mdadm ne kuma, manhajar RAID ta Linux, akwai --replace, aiki ɗaya suke yi. Amma bakof tukuna, kuma a gwada dawo da shi, bakof ɗin da ba a gwada ba fata ne kawai. Shi ma bai gaya mana ba ko PERC, kontirolar Dell, ce ke riƙe da RAID ɗin ko Linux, tsarin fayil ɗin ext4 ne ko XFS, akwai LVM mai rarraba filin diski ko babu. In akwai LVM jerin umarnin ƙara filin shi ne pvresize, lvextend, sannan resize2fs ko xfs_growfs. XFS kuma ana ƙara shi ne ba a rage shi, ka yi kuskure ka ci kanka.

ɗan_Gyallesu:
PERC H710 ce, Ubuntu. sauran ban duba ba. Amma Yaya a gaskiya ran Asabar ɗin ai na yi kuma ya tafi lafiya, ba wai da ka na yi ba sai da na kalli bidiyo uku. Diskin na waje 2TB ne ba zai ɗauke duka ba, na ƙarshe kafin babbar sallah ne

Abba_Kongo:
ku mutanen da kenan, ya zuba komai a kilawud, ma'ajiyar intanet, ya huta mana

Maman_Hanan_IT:
Da wace intanet ɗin? Kusan 6TB, a Zariya? Ni fayil ɗin 3GB na kwana ina turawa jiya, sau biyu yana yankewa.

Injiniya_Samaru:
Ni da a ce tawa ce ba zan ma ƙara kwabo a RAID 5 ba. A ƙaro diski, a gina RAID 6 a ramukan da suka rage, huɗu masu 4TB za su ba ka 8TB kuma biyu su mutu kana tsaye, ka kwashe kaya ka koma can, tsohon ya zama wurin ajiya. Sannan ka duba batirin kontirolar, in ya mutu tana daina ajiye rubutu a kash, ma'ajiyarta ta wucin gadi mai sauri, komai ya yi nauyi, wataƙila shi ya jawo maka awa 17. Diskin da ka sayo ma ka turo mana lambarsu, in SMR ne, irin diskin da layukan rubutunsa ke hawa kan juna, ba su dace da wannan aikin ba, irin rigimar da aka yi kan diskin WD Red a 2020. Kuma ka buɗe ka hure ƙura, hunturun bana ba wasa ya yi ba.

Sadauki_Kwangila:
Injiniya kullum maganinka a sayo a sayo. mutumin da ya yi wata biyar yana roƙon diski biyu

ɗan_Gyallesu:
Gaskiya Sadauki ya fahimce ni. Diskin na hannu ne, wani abokina ya kawo daga Legas, amma ya rantse min sabbi ne kusan. Rami kuma akwai amma babu tiren da ake ɗaura diski a kai, guda huɗun nan ne kawai. Zan dai kwafe na wata ukun nan a diskin waje in ya so bayan isha'i in gwada na Sadauki, tunda na farko ya yi.

Injiniya_Samaru:
Tire nawa yake? Ina da ɗaya a ofis, ka hau keke ka zo Samaru ka karɓa kafin la'asar.

ɗan_Gyallesu:
Na gode Yaya, zan gani in oga ya bar ni na fita. wai pvresize ɗin nan kafin a canza diskin ake yi ko bayan?