Murar hunturu da dishewar murya: ciwo ɗaya ne ko biyu?

Malamin Islamiyya, Aboabo:
Assalamu alaikum. Ina koyar da yara karatun Alƙur'ani a nan Kumasi, kuma aikina duka da murya nake yinsa. Duk shekara idan hunturu ya shigo, daga Disamba zuwa Fabrairu, nakan tashi da atishawa a jere, hanci ya toshe, idanu su yi ta ƙaiƙayi, amma babu zazzaɓi. Abin da ya fi damuna shi ne muryata tana dishewa kafin azahar, ina jin kaki maƙale a maƙogwaro, in yi ta gyaran murya ba ya fita. Na sha Piriton, atishawar ta ragu, maƙogwaron kuwa ya ƙara bushewa. Ina neman shawarar masana.

Ma'aikaciyar jinya, Asawase:
Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Alamomin da ka lissafa sun fi kama da alajin hanci, wato jiki ya ɗauki ƙura a matsayin abokiyar gaba, ya saki sinadarin histamin wanda ke kumbura cikin hanci ya kuma tsinko majina. Daga nan matsalar take gangarawa zuwa murya. Aikin hanci ne ya tace iska, ya ɗumama ta, ya jiƙa ta. Idan ya toshe, mutum yana numfashi ta baki, musamman cikin barci, sai busasshiyar iskar hunturu ta sauka kai tsaye kan tantanin murya, wato tantani biyu da ke cikin maƙoshi masu fitar da sauti. Majinar kuma tana zurarewa ta bayan hanci zuwa maƙogwaro, ita ce kakin da kake ji.

Gyaran muryar nan shi na fi so ka rage, domin duk lokacin da ka yi shi tantanin biyu suna bugun juna da ƙarfi, su kumbura, kumburin ya sake sa ka ji kamar akwai abu a wurin. Ka ajiye ruwa kusa da kai, ka riƙa kurɓa a maimakonsa. Piriton kuwa tsohon magani ne da aka san shi da busar da baki da maƙogwaro, ga sa barci. Cetirizine ko loratadine ba su kai shi busarwa ba, amma ga mai toshewar hanci an fi samun biyan buƙata da maganin feshi irin su fluticasone, wanda sai an lizimce shi kullum na mako ɗaya ko biyu kafin ya nuna cikakken amfaninsa.

Ladan, Nima, Accra:
Malam, kada ka ɗora wa hunturu laifin shi kaɗai. Ni tawa ta fi tashi da damina, saboda danshi yana raya ƙananan ƙwarin ƙura a katifa, matashi da kafet ɗin masallaci. Hayaƙin maganin sauro na kunnawa da turaren wuta su ma suna tayar mini da ita, don haka na koma gidan sauro. Ina kuma wanke hanci da ruwan gishiri kafin kiran asalatu, ruwan da aka tafasa ya huce. Ka yi hattara da Otrivin: yana buɗe hanci nan take, amma idan aka wuce 'yan kwanaki ana fesa shi, toshewar tana dawowa fiye da da.

Ma'aikaciyar jinya, Asawase:
Maganar Ladan gaskiya ce, sai dai zan ƙara abu ɗaya da nake ganin ya fi sauran muhimmanci. Ba kowace dishewa ce ta alaji ba. Ƙwannafi yana kawo ta, yawan ɗaga murya a kan yara yana iya haifar da ƙulli a tantanin, haka maganin shaƙa na asma idan ba a kuskure baki bayansa. Idan hancin ya warware amma muryar ta wuce mako huɗu ba ta dawo ba, ko ka ga jini a kaki, ko haɗiya ta yi wuya, musamman ga wanda ya taɓa shan taba, ka je sashen kunne, hanci da maƙogwaro na asibitin Komfo Anokye, su leƙa maƙoshin da na'ura.