A ja wa saniya mai ciki hannu da abinci a hunturu, ko a ƙara mata?

Dattijo mai garke:
Assalamu alaikum jama'a. Sanyi ya kankama, ciyawa ta ƙare a fili, kowa ya koma kan abin da ya tara. Ni dai abin da na gada nake yi: saniya in cikinta ya kai wata bakwai, rage mata abinci nake. Ka cika ta, maraƙi ya yi ƙato a ciki, ranar haihuwa ka kwana kana ja da igiya. Mai kyan abincin bajiman da na turke nake bai wa, su ne kuɗi.

Matashi mai kiwo:
Wa alaikumus salam Baba. Da girmanka, amma nan ban bi ka ba. Bara na yi wa karsana biyu haka. Ƴan maraƙan ba su zo da girma ba, gaskiya ne, amma ɗaya ta kasa yunƙuri sai da muka ja mata, ɗan kuma ya daɗe bai miƙe ba.

Dattijo mai garke:
Ɗana, karsana daban, ƙugunta bai gama buɗewa ba. Kada ka ɗora laifin a kan shawarata.

Likitar dabbobi:
Baba, a gafarce ni in sa baki. Saniya tana ɗaukar ciki kwana 283 ko kusa da haka, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na girman ɗan tayi a wata ukun ƙarshe yake faruwa. Wato daidai lokacin da take neman ƙari kake janye mata. Ɗan tayi kuwa ba ya jiran komi, jikin uwarsa yake ci. Ita ce za ta rame, shi ɗan kaɗan zai ragu, wahalar haihuwar kuma tana nan, sai ma ƙarfin naƙuda da ya tafi.

Abin da ya fi damuna daƙashi ne, wato nonon farko bayan haihuwa. Maraƙi yana zuwa duniya ba shi da garkuwar jiki, domin mahaifar saniya ba ta ratsa masa ita. A nonon farko yake samu, hanjinsa kuma ya fi karɓa a awanni 6 na farko, bayan awa 24 ƙofar ta kusa rufewa. Ramammiyar uwa daƙashinta kaɗan ne kuma ba ƙarfi. Daga nan zawo da ciwon huhu suke samun shiga.

Wata mai kiwon turke:
Likita, to ni na ga saniyar da ta yi teɓa har ta kasa haihuwa. Kar dai a ce Baba ba shi da hujja ko kaɗan.

Likitar dabbobi:
Yana da ita, Hajiya. Kitse in ya taru a hanyar haihuwa yana matse ta. Shi ya sa ake auna ƙibar jiki da maki daga 1 (rama sosai) zuwa 9 (teɓa sosai): babbar saniya ta haihu tana 5, karsana tana 6, tunda ita ma girma take. 8 da 9 su ne matsala. A sa hannu a taɓa haƙarƙari da ƙashin baya, gashin hunturu yana ɓoye rama. Girman maraƙi kuma, bijimin da ya yi barbara ya fi komi tasiri.

Matashi mai kiwo:
Ga kuma sanyin kansa Baba. Mai busasshen gashin hunturu takan jure har wajen digiri 0 a ma'aunin Salshiyas, amma in jikinta ya jiƙe, tun daga digiri 15 take fara ƙona abincinta don ɗumi. Ga iska, ga ciki, ga ragi, ina za ta sa kanta?

Dattijo mai garke:
Duk na ji. Amma abincin ba ya isar kowa. Sa nawa yake jiran kasuwa?

Wata mai kiwon turke:
A nan kam na bar ka, Baba, ko da yake turke ne sana'ata. Sa in ya yi jinkirin ƙiba, wata ɗaya ka yi asara. Saniya in ana son ta haihu duk shekara, kwana 82 kawai take da su bayan haihuwa ta sake ɗauka, ramammiya kuwa ba ta neman bijimi da wuri. Shekara guda ce ta tafi.

Likitar dabbobi:
Ba sai ka hana bajiman ba. Raba garken: karsana da ramammu gefe guda, kada manya su ture su. Mai kilo 500 tana cin busasshen abinci kilo 10 zuwa 12 a rana. Ingirici mai rauni a bayar da shi tun cikin yana ƙarami, mai kyau a ajiye wa watannin ƙarshe. In furotin ɗinsa bai kai kashi 7 cikin 100 ba, ƙwayoyin tumbi ba sa iya narka shi da kyau, sai an haɗa da ƙari. Hatsi a shigar da shi sannu a hankali, mai fumfuna kuma kada ya kusanci mai ciki, yana sa ɓari. Ruwa da gishirin lasa kada su yanke.

Dattijo mai garke:
Karsanan zan ware su gobe in Allah Ya kai mu, wannan na yarda. Manyan kuwa sai na taɓa haƙarƙarinsu da hannuna tukuna. Akwai guda uku da nake ganin ko cokali ba za a ƙara musu ba.

Likitar dabbobi:
In sun kai 6 ko 7, bar su a yadda suke Baba. Ragin ne kawai ban yarda da shi ba.