Cigiyar kalma: me za mu kira jirgin da Faransawa ke ce wa planeur?

Jama'a, salamu alaikum. Cigiya nake, amma ba ta akuya ba, ta kalma.

Ƙanena ya zo hutu da wani dogon kwali, muka buɗe shi a zaurenmu nan unguwar Bagalam, cikin Maradi. Fikafikai biyu, gangar jiki, bindi, ƴan wayoyi, batir, da telekomand, wato rimot a bakin ƴan'uwanmu na Katsina. An yi jikin da farin soso mai tauri, dangin wanda ake cusawa cikin kwalin sabon firij, sai dai wannan in ka danna da yatsa yana dawowa. Takardar ciki ta ce planeur da Faransanci, glider da Ingilishi. Yara suka cika zaure, kowa na cewa "Yaya, mene ne sunansa?" Na yi shiru kamar an aiko ni da saƙon da na manta.

Ga wanda bai san abin ba: jirgi ne da ba ya dogara da inji don ya zauna sama. Akwai manya da mutum ke shiga, wani jirgi ya ja su da igiya ya sake su. Mai kyau a cikinsu, kafin ya sauko mita 1 ya ci mita 40 gaba. Ya ma girmi mai inji. Wani Bajamushe, Otto Lilienthal, ya fara tashi da irinsa a 1891, kuma faɗuwa da shi ce ajalinsa a 1896. Ƴan gidan Wright na Amurka ma da shi suka koyi tuƙi daga 1900 zuwa 1902, kafin su sa inji a 1903.

Sauran sassan ba su ba mu wahalar suna ba, hannu ne ya raɗa musu. Sandar da ke ratsa fikafikan biyu ta riƙe su, ƙashin baya muka ce. Ƴan injinan nan masu nauyin giram 9 da ke jan bindi da siririyar waya, ƙanena ya nace servo, yara suka ce jijiya, na bar su da rigimarsu. Wurin da nauyin jirgin ke daidaita kuwa, cibiya. Cibiyar nan ita ce komai. Za ka sa yatsu biyu ƙarƙashin fikafikai, kusan kashi ɗaya cikin uku na faɗinsu daga gefen gaba, ka ɗaga. In ya zauna daidai, ko hanci ya ɗan sunkuya, madalla. Namu baya ya yi nauyi, muka ce ba komai. Jifan farko ya ɗaga hanci kamar ɗan sarki, ya tsaya cak, ya dawo da ka cikin rairayi. Sai da muka tura batir gaba, muka manna dala ashirin a hanci da sukoc, sannan ya nutsu.

Abu biyu, ko da wani zai haɗa nasa. Kada ka ɗiga gam mai kamawa nan take sai ka gwada a ɓoyayyen wuri. Na ɗiga kan gutsuren soson kwalin, ina kallo ya ci rami. Sannan telekomand ake fara kunnawa kafin a haɗa batirin jirgi, a kuma duba: in ka ja sandar telekomand wajenka, leɓen bindi sama zai yi. In ƙasa ya yi, ka juya shi tun kana ƙasa.

To, sunan fa?

Ƙari, bayan kwana uku. Na gode da amsoshi, ga inda aka kwana.

Mutane da yawa sun ce "jirgi marar inji". Gaskiya ne rabi. Namu yana da ɗan mota, wato ƙaramin inji, a hanci da farfela mai naɗewa. Da ita ake hawa, in an kai sama a kashe, ta kwanta jikin hanci. Kuma ban so a kira abu da abin da ba shi da shi. Ba wanda ke ce wa keke babur marar inji.

"Jirgin soso" sunan namu ne kaɗai; na Lilienthal itace ne da ƙyalle. "Jirgi marar matuƙi" labarai sun riga sun ba wani abu dabam, kuma wannan yana da matuƙi, a ƙasa yake tsaye yana zufa. Wani ɗan'uwa daga Tibiri ya ce a kira shi ungulu, tunda ita ce gwanar zama sama ba kaɗa fiffike. Ya faɗi gaskiya, amma Malam, wa zai shiga gida ya ce wa iyali yau ungulu ya sayo?

Wanda na so ƙwarai shi ne "jirgin shawagi". Kwana biyu ina kiransa haka. Abin da ya raba ni da shi, rediyo ne. Kullum ka ji "jirage na shawagi a sararin samaniya", jiragen soja ake nufi, masu inji da ruri. A halin da ake ciki a yankinmu, ka tsaya bayan gari ka ce kana da jirgin shawagi mai telekomand, za ka sha tambayoyi. Af, shi ya sa ma muka nisanci filin jirgin sama, muka kuma gaya wa mai unguwa kafin mu fita.

Jiya da hantsi muka gangara bakin Gulbi, inda fili yake da rairayi mai laushi. Ƙanena ya jefa shi yana fuskantar iska, ya hau, ya kashe farfela. Can sai fiffike ɗaya ya ɗan ɗaga da kansa. Iskar da ƙasa mai zafi ke turawa sama ce ya shiga gefenta. Ƙanena ya karkata shi ciki, ya fara zagaye, yana hawa ba ƙara ba komai. Shirwa biyu na sama da shi, suna yin daidai abin da yake yi.

Wani dattijo mai lambu ya jingina da kwashe, ya kare ido da hannu, ya daɗe yana kallo. Sai ya ce, "Kai yaro, wanga abu ai jewa yake."

Na ce, "Baba, sake faɗi."

Ya ce, "Jewa mana. Ba ka ga ƴan'uwansa ba?"

Jirgin jewa. Jam'i, jiragen jewa. Kalmar ta faɗi aikin da babu wani jirgi da ke yin sa sai shi: buɗe fiffike, zagaye, hawa kan iska. Ta dace da ƙaramin soso, ta dace da babba mai ɗaukar mutum, kuma labarai ba su taɓa ta ba.

Wani malamin lakkol ya yi mini gyara, ya ce jewa zagaye ce, shi kuwa jirgin yana tafiya miƙe ma. Na yarda, Mushe. Amma ita kanta kalmar jirgi ta ruwa ce tun asali, aka ɗora ta kan dogo, aka kai ta sama, ba wanda ya yi ƙara. Ya kuma ce yaran yanzu ba su san jewa ba. Waɗanda suka bi mu Gulbi dai da ita suka dawo gida a baki.

Saura iskar nan mai hawa. Ƙanena na cewa ƙanwar guguwa, ni ban gamsu ba tukuna. Asabar za mu koma da hantsi, zan tambayi Baba mai lambu me suke ce mata.