Wa ya tuna daren da aka ce duniya za ta tashi?

Ɗan Kurna:
Assalamu alaikum. Jiya ina kwashe tarkacen ɗakin marigayi Babanmu sai na ci karo da fitilar ƙwai sabuwa fil, ko lagwaninta ba a taɓa ƙonawa ba. Nan take na tuna dalilin sayenta.

Disambar 1999 ce, ina aji uku a sakandare. Asalin maganar wai tsofaffin kwamfutoci da lamba biyu suke rubuta shekara, 99, to idan aka shiga 2000 za su ga 00 su ɗauka 1900 ce, lissafi ya rikice. Kafin zancen ya iso unguwarmu ya yi 'ya'ya da jikoki: jirage za su zubo, kuɗin banki za su ɓace, ƙarshe dai aka ce tashin duniya ne ƙarfe goma sha biyun dare. Alhali kaf layinmu babu wanda ya taɓa ɗora yatsa a kan kwamfuta.

Baba ya ce tashin duniya sanin Allah ne, kada ya ƙara jin zancen a gidansa. Amma ta banki ta shige shi. Ya kwaso 'yan kuɗinsa ya ba Inna ta tura cikin kwallarta, ya sayo gero buhu biyu, jarkar kalanzir da fitila uku.

Ranar Juma'a ce, cikin goman ƙarshe na azumi, ga sanyi kamar ya tsaga ƙashi. Muna dawowa daga masallaci yayana da ba ya rabo da rediyo ya ce ai Ostireliya ta riga ta shiga 2000 kuma lafiya lau, ba wanda ya kula shi. Mai shagon bakin layi ya ce ranar har bashin da ya fid da rai aka kawo masa. Sha biyu saura kaɗan, ɗif, aka ɗauke wuta. Salatin da ya tashi daga gidajen maƙwabta har yau yana kunnena. Ashe ɗaukewar da aka saba ce. Muka yi tahajjud sahu har waje, muka dawo muka yi sahur da ɗumame.

Abin da ke ɗaure min kai, da gari ya waye ban ji mutum ɗaya ya ce "ni na faɗa, ban yi daidai ba." Ku fa, wanne kuka riska, kuma me masu faɗar suka ce daga baya?

Maman Husna:
Wa alaikumus salam. Ni tawa husufin ranar 29 ga Maris 2006 ne, a Katsina. An sanar a rediyo cewa zai faru, amma a gidan biki labarin ya koma wai idan rana ta shige ba za ta sake fitowa ba. Da hantsi gari ya rufe, kajinmu suka nufi akurki, iska ta yi sanyi. Kishiyata da muka fi wata huɗu ba ma ga maciji ta riƙo hannuna tana kuka, "Yaya, ki yafe min." Na yafe, ni ma na roƙe ta. Ko minti biyar ba a yi ba haske ya dawo. Bayan la'asar muka yi cacar baki a kan murhu.

Malam Na Zangon Kumasi:
Ɗana, abin ya girme ka. Mu mun ga shigowar 1400 ta Hijira, Nuwambar 1979. Ana ta cewa ƙarni ya cika, Mahadi na tafe, sai ga labarin wani Juhaiman da mutanensa sun kame Haramin Makka da bindigogi, suna cewa surukinsa ne Mahadin. Kusan mako biyu aka yi kafin a fitar da su. A zango dattawa sun yi zugum, don abin ya yi kama da abin da suka karanta. Kakanninmu ma haka suka yi ta jira wajen 1300, wasu suka yi gabas, jikokinsu na Sudan har gobe. Shehu Ɗan Fodiyo kansa sai da ya rubuta cewa shi ba Mahadi ba ne.

Akwai kuma takardar nan ta wasiyyar wai mai gadin kabarin Manzon Allah (SAW), a kwafa a raba ko a ga masifa. Na ga ta rubutun hannu, na ga ta hoto-kwafi, yanzu jikata ta turo min ita a WhatsApp. Malamai irin su Bin Baz sun daɗe da cewa ƙarya ce. Mu dai abin da muka riƙe shi ne amsar da aka ba Mala'ika Jibrilu da ya tambayi lokacin tashin Alƙiyama: wanda ake tambaya bai fi mai tambayar sani ba.

Injiniya Sani:
Allah ya ƙara lafiya, Malam. Ɗan gyara kaɗan ga Ɗan Kurna: matsalar kwamfutar gaskiya ce, an shafe shekaru ana gyaran manhajoji kafin ranar, shi ya sa ba a ga komai ba. Tashin duniyar ne ƙarin gishiri.

Kan tambayarka kuwa, na san mutum ɗaya da ya amsa kuskure. Harold Camping, mai wa'azin Kirista a rediyo a Amurka, ya sa 21 ga Mayu 2011, ta wuce, ya matsar zuwa 21 ga Oktoba, ita ma ta wuce. A 2012 ya fito ya ce ya yi kuskure, bayan wasu mabiyansa sun ƙarar da ajiyarsu a kan allunan talla. Ta 21 ga Disamba 2012 kuwa, da aka ce kalandar mutanen Maya na Amurka ta Tsakiya ta nuna ƙarshen duniya, a gidan kallon ƙwallo ta same ni, muna ta tsokanar wani da ya biya kuɗin shiga ya ƙi karɓar canji, wai me zai yi da shi.

Ɗan Kurna:
Maman Husna, kin sa ni dariya har yara na leƙowa. Injiniya, na karɓi gyara. Na tambayi Inna ɗazu ko Baba ya mai da kuɗin banki. Ta ce ina, a kayan sallah suka tafi, geron kuma sai da muka kai damina muna shan kununsa. Fitilar ta ce in kawo mata, tata ta fara yoyo.