Tsoron Kafa Kamfani: Abin da Ya Fito daga Tattaunawarmu

Mun zauna da waɗanda suka kafa kamfani da masu jan ƙafa har yanzu. Abin da aka fi nanatawa shi ne mutum ya fayyace abin da yake tsoro. Idan yankewar albashi ce, to ka tara abin da zai riƙe gida wata 6 kafin ka motsa.

Wata baiwar Allah ta ce ba ta yi rajista ba sai da mutum uku suka biya ta, kuɗi a hannu. 'Yan uwa kowa zai ce abu ya yi kyau, mai zaro kuɗi ne kaɗai ba ya yi maka kara. Wannan ta fi zauna mini.

An ja sosai kan barin aiki. Ni dai ina bayan masu cewa kada a saki reshe a kama ganye, a fara gwadawa da yamma da ƙarshen mako.

Wani kuma ya tuna mana amfanin kamfani mai iyakantaccen alhaki: in ya karye, bashin yana kan kamfanin ne, ba gidanka ba, sai fa in kai ka sa hannu ka tsaya masa, wanda bankuna kan nema.