Sheƙin hoton baƙi-da-fari: kowa ya faɗi yadda yake yi

Mai situdiyo a Kano:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yawancin aikina na baƙi-da-fari hotunan dattawa ne cikin farar babbar riga da rawani, ina bugawa da tawadar figment a takarda gulosi, wato mai sheƙi. In ka kalli hoton gaba da gaba, babu abin cewa. Amma da zarar ka karkata shi wajen hasken taga, rigar sai ta yi ƙyallinta daban, fuska da bango su dusashe, inuwar ƙarƙashin rawani kuma ta yi ja-ja kamar tagulla. Masu hoto sun fara lura. Wanda ya taɓa fama da wannan, don Allah ya taimaka.

Mai gyaran firinta a Kaduna:
Wa alaikumus salam Malam. Abu biyu ne suka haɗu maka. Tawadar figment gari ne mai laushi a cikin ruwa, ba ta nutsewa cikin takarda, a sama take zama. Inda rigar ta yi fari fat firinta ba ta zuba komai, sheƙin takarda tsirara kake gani, sauran wurin kuma sheƙin tawada. Jan kuwa daga yadda haske ke dawowa ne daga saman tawadar, shi ya sa sai ka karkata yake bayyana. Na buɗe firintoci da yawa da aka kawo min da wannan kuka, na tarar lafiyarsu lau.

Wata mai ɗaukar hoton biki a Zariya:
Ni abin da ya fitar da ni ba ya cin ko kwabo. A Photoshop fari tsantsa lambarsa 255. Kafin in buga sai in shiga Levels in sauko da farin zuwa wajen 250, ta yadda ko a kan rigar firinta za ta yayyafa 'yar toka kaɗan. Ido ba ya gane bambancin, amma tawada ta taɓa ko'ina, sheƙin ya kusa zama ɗaya. In ka sauko da yawa rigar za ta yi kamar ba a wanke ta ba, to ka gwada a ƙaramar takarda tukuna. Bakin hoton da ka bari fari zai ci gaba da ƙyallinsa, sai ka yanke shi ko kwalin firam ya rufe.

Mai situdiyo a Kano:
Hajiya na gode. Na gwada, rigar ta daidaita sosai. Jan inuwar dai yana nan.

Wani daga Maraɗi:
Jan sai da rufi. Ina aiki da firintar Canon PRO-1000, wadda ta fito a 2015. Tana da tawada marar launi, Chroma Optimizer, da take shimfiɗawa a kan hoton ta cike ramukan da ke tsakanin ɗigon tawada. In ka bar ta a Auto, ita ke zaɓar inda za ta zuba. Ni a baƙi-da-fari ina sa ta rufe hoton gaba ɗaya. Tana saurin ƙarewa, gaskiya ne, sai in sa kuɗinta cikin farashi. Epson ma ta yi irinta, Gloss Optimizer, a R800 da R1800. Wanda firintarsa ba ta da ita sai feshin shafi marar launi a kan hoton.

Mai gyaran firinta a Kaduna:
Feshi yana aiki, amma lokacin hunturu a yi hattara. Ƙura tana sauka a kan hoton kafin ya sha iska, kuma in ta manne shi ke nan. Ni nakan yayyafa ruwa a ƙasan ɗakin, in jingine hoton a tsaye, in fesa sama-sama daga nesa da kamu ɗaya ko fiye, daga hagu zuwa dama. In ya bushe in juya shi in sake. Shafi biyu ko uku marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, don mai kauri yana zuba ya bar layi. A rufe hanci, warin ba na wasa ba ne, da an gama kuma a buɗe taga.

Wani dattijo da ya yi zamanin wankin hoto a ɗakin duhu:
'Ya'yana, ku duba takardarku tun farko. Gulosin nan mai santsin roba ita ce ta fi tona asirin tawada. Takardar da muka yi aiki da ita a da tana da shafin barita, wani farin ma'adini, a ƙarƙashin hoton. Daga baya an yi irinta don firinta: Canson Baryta Photographique, Hahnemühle Photo Rag Baryta, Ilford Gold Fibre Silk. Sheƙinta a kwance yake, fuskarta tana da ɗan kaushi da ke watsa haske, baƙinta yana da zurfi. Na buga hoton wani mai babbar riga a kanta, aikin allurar wuyan rigar ya fito zare-zare, na karkata shi ta kowane ɓangare ban ga abin da ya dame ni ba. Tana da tsada, tana kuma saurin karcewa, a riƙe ta ta gefe. Wanda ba ya son sheƙi ko kaɗan ya koma takardar auduga mat da baƙar tawadar mat, sai dai baƙin ba zai kai na barita ba. Kada a sa baƙar mat a gulosi, yatsa ma yana goge ta.

Wani matashi a Jos:
Baba, mu masu tawadar rini ba mu san wannan matsalar ba, tamu tana shiga cikin takarda, sheƙi ɗaya ne. Namu ciwon launi ne. Da yake ba mu da tawadar toka, firinta tana haɗa toka daga launuka, sai hoto ya yi kore-kore a ƙarƙashin fitila, ya canza a rana.

Dattijon:
Haka ne ɗana, kuma rini ya fi saurin koɗewa. Ciwon launin nan ne ya sa Epson ta fito da tawadar figment mai suna K3 a 2005, baƙi ɗaya da toka biyu. Hoton da za a rataye a falo shekara da shekaru, ni figment zan zaɓa ko da sheƙin zai ba ni aiki.

Mai ɗaukar hoton biki a Zariya:
Malam, in firam za ka sa, gilashi yana ɓoye yawancin bambancin. Amma kar ka rufe hoton ranar da ka buga. Tawadar tana ci gaba da fitar da tururi, sai gilashin ya yi hazo daga ciki. Ka ɗora farar takardar rubutu a kansa ya kwana, in ta yi lanƙwasa ka canza wata, sai ta daina sannan ka kai wa mai firam.